Ƙwayar GBS a Lokacin Ciki da Haihuwa: Gwaji, Allurar Naƙuda da Kula da Jariri

Akwai jaririn da ake haifa lafiya lau, ya tsala kuka, a goge shi a miƙa wa uwarsa, amma kafin gari ya waye ya fara nishi, ya ƙi kama nono, jikinsa ya saki. Cikin manyan abubuwan da ke jawo haka akwai wata ƙwayar cuta da asibiti ke kira GBS, sunanta na kimiyya Streptococcus agalactiae. Abin da ya sa ya kamata kowace mai ciki da kowace ungozoma su san ta shi ne, maganinta mai araha ne kuma sananne, penisilin ne, amma ba ya kare jariri sosai sai an ba uwa ta jijiya a cikin naƙuda, awa huɗu ko fiye kafin haihuwa. Duk shirin da za a yi, don a samu waɗannan awowi huɗu ake yinsa.

Inda ƙwayar take da yadda take kaiwa ga jariri

GBS tana zaune a hanji da dubura, daga nan take zuwa farji. Mace mai ɗauke da ita ba ta jin komai: babu ƙaiƙayi, babu wari, babu ruwa mai fita. Ba ciwon sanyi ba ce, ba alamar ƙazanta ba ce, ba kuma a lissafa ta cikin cututtukan da ake ɗauka ta saduwa, saboda haka babu dalilin zargin miji ko mata, kuma ba a ba miji magani. Tana zuwa ta tafi da kanta. Mace za ta iya ɗauke da ita a wata na huɗu, a wata na tara a neme ta a rasa, ko akasin haka.

A Amurka kusan mace ɗaya cikin huɗu masu ciki na ɗauke da ita. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ya ƙiyasta kashi 15 cikin ɗari na masu ciki a duniya, mata kusan miliyan 20 a shekara, ya kuma danganta ƙwayar da mutuwar jarirai kimanin 91,000 da waɗanda ake haifa babu rai aƙalla 46,000 a shekara. Kusan rabin wannan nauyi a Afirka kudu da Sahara yake.

Faya ita ce katangar da ke tsakanin jariri da ƙwayoyin farji. Idan ta fashe, ƙwayar kan haura cikin mahaifa, jariri ya shaƙi ruwan ko ya haɗiye shi, ko ya kwashe ta lokacin da yake fitowa. Daga huhu ta shiga jini, wani lokaci ta kai ga ƙwaƙwalwa ta zama sanƙarau. Kusan rabin jariran da iyayensu mata ke ɗauke da ita sukan fito da ita a jikinsu, amma ɗaya ko biyu cikin ɗari na waɗannan ne ke kwantawa ciwo. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta sa lissafin haka: idan uwa na da GBS ba a yi mata allura ba, jariri ɗaya cikin 200 zai kamu, idan an yi, ɗaya cikin 4,000.

Mataki na farko: tun farkon awo

Abu uku ake so ki kammala tun cikin bai tsufa ba.

A san makon ciki daidai. Gwajin GBS da hukuncin cewa haihuwa ta zo da wuri duk da mako ake lissafa su, kuma ƙirgen wata da ka yakan sha bamban da gaskiya da mako biyu ko uku. Hoton ciki da aka yi a watanni ukun farko ya fi kowanne daidai.

A gwada fitsari, gwajin da ake shuka shi a lab a ga abin da zai tsiro, wanda ake rubutawa M/C/S a takarda. Tsoma ɗan tsinken takarda da ake yi a ɗakin awo don duba suga ba zai nuna GBS ba. Ki wanke gabanki da ruwa, ki bar fitsarin farko ya zuba, ki tari na tsakiya a kwalbar da aka ba ki, a kai lab da wuri. Idan GBS ta fito a fitsari, alama ce cewa tana da yawa a jikinki. Idan ta kai 100,000 a kowace mililita, ko kina jin zafin fitsari, likita zai ba ki magani nan take don kada ciwon ya haura ƙoda. Ko ta kai wannan adadi ko ba ta kai ba, kin shiga jerin waɗanda za a yi wa allura a naƙuda, kuma ba kya buƙatar gwajin auduga da ake yi a ƙarshen ciki don neman ƙwayar. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a ce ai an sha magani a wata na biyar, magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba, don ƙwayar tana nan a hanji.

Ki faɗi tarihin haihuwarki. Idan kin taɓa haifar jaririn da aka tabbatar GBS ce ta kama shi, kowace naƙuda bayan nan sai da allura, ba sai an gwada ki ba. Iyaye da yawa ba a taɓa gaya musu sunan ciwon da ya ɗauke musu jariri ba. Duk da haka ki faɗa: ya rasu ko an kwantar da shi a kwana na nawa, da wace alama. Likita ne zai auna maganar.

Mataki na biyu: gwajin auduga a mako na 36 zuwa 37

Ƙasashe sun rabu biyu a kan wannan. Amurka tana gwada kowace mai ciki tun 2002, kuma tun daga farkon shekarun 1990, kafin a fara allurar naƙuda, ciwon GBS da ke kama jariri a makonsa na farko ya sauko daga kusan jarirai 1.7 cikin dubu zuwa ƙasa da 0.3. A Ingila ba kowace mai ciki ake gwadawa ba. Tana duba alamomin haɗari ne. A yawancin asibitocinmu gwajin ba ya cikin waɗanda aka saba yi a awo, sai an nema, kuma an fi samunsa a asibitocin koyarwa da manyan lab. Inda akwai shi kuma da hali, a yi, domin jarirai da yawa da ke kamuwa iyayensu ba su nuna wata alamar haɗari a naƙuda ba.

Ƙungiyar likitocin mata ta Amurka ta tsayar da lokacin daga farkon mako na 36 zuwa ƙarshen mako na 37. Dalili shi ne sakamakon yana da inganci na mako biyar kawai. Wadda aka gwada a mako na 30 ta haihu a na 40, takardarta ba ta da amfani.

Yadda ake ɗauka: ba a sa ƙarfen buɗe farji. Da tsinken auduga na lab za a shafi ƙasan farji kusa da baki, kamar santimita biyu ciki, sannan a tura wannan tsinken cikin dubura kamar santimita ɗaya, ya wuce zoben naman da ke matse ta. Farji ake farawa, dubura a ƙarshe, ba a juyawa. Minti ɗaya bai cika ba an gama, babu ciwo sai ɗan rashin daɗi. Wadda kunya ta hana za ta iya ɗauka da kanta a bayan gida idan an nuna mata yadda ake yi. Sai a mayar da tsinken cikin bututunsa mai ruwan ajiya, irin Amies ko Stuart.

A nan ne gwajin ya fi lalacewa, kuma ma'aikaci ya kamata ya lura da kyau. Idan aka ɗauka daga can saman farji kawai, irin wanda ake rubutawa HVS don binciken ruwan gaba, za a tsallake mata da yawa, tunda gidan ƙwayar dubura ne. Idan lab ta shafa audugar kai tsaye a faranti, sauran ƙwayoyin hanji sukan rufe GBS, har a rasa kusan rabin masu ɗauke da ita. Daidai shi ne a fara tsoma audugar a ruwan reno na musamman, irin wanda ake kira Lim, mai maganin da ke danne sauran ƙwayoyi, ta kwana awa 18 zuwa 24 a zafin digiri 35 zuwa 37, sannan a shuka a farantin jini. Don haka dole a rubuta a takardar cewa GBS ake nema. In ba a rubuta ba, lab za ta yi gwajin da ta saba. A rubuta kuma idan jikin matar ba ya karɓar penisilin, don a gwada ko wani maganin, kilindamaisin, zai kashe ƙwayar tata. Zafin gari yana kashe ƙwayar a cikin bututu: idan ba za a kai lab a ranar ba, a sa a firji. Sannan ke mai ciki, in kin sha kafso daga kemis a kwanakin nan, ki faɗa, domin zai iya ɓoye ƙwayar na ɗan lokaci a ce babu alhali akwai.

Sakamako yakan fito cikin kwana biyu zuwa uku.

Mataki na uku: an ce akwai

Kada ki sha komai don ki kashe ta. Wannan ya fi komai wuyar karɓa, don zuciya tana so a yi maganin abu tun yanzu. Amma duk kafson da aka sha kafin naƙuda, da an daina ƙwayar za ta dawo daga hanji, an yi asarar kuɗi an kuma koya wa ƙwayoyi jure magani. Matsi, tsarki da ruwan magani, da wanke farji da sinadarin kashe ƙwayoyi ba sa hana jariri kamuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ba ta ba da shawarar wankin farji da kulohezidin don wannan ba.

Abin yi shi ne shiri. A rubuta GBS da manyan baƙi a fuskar katin awo. Ki zauna da maigida da wadda za ta raka ki, uwa ce ko uwar miji, ku tsayar da cewa wannan haihuwa a asibitin da ake sa allurar jijiya dare da rana za a yi ta. A tanadi abin hawa da lambar direba. A tambayi ungozomar asibitin ko suna da maganin a ajiye. In babu, likita ya rubuta a saya a sa cikin kayan haihuwa tare da abin sa ruwa na hannu. Idan za ki tafi goyon ciki gidan iyaye a wani gari, katin da takardar sakamakon su bi ki.

Mataki na huɗu: naƙuda

Da naƙuda ta fara, ko faya ta fashe ko da babu ciwo, a kama hanya. Ki dubi agogo ko waya ki riƙe lokacin da ruwan ya zubo, shi ne tambayar farko da za a yi miki. Al'adar daurewa a ɗaki har sai kai ya kusa fitowa, musamman kunyar haihuwar fari, ita ke cinye awowin da maganin yake buƙata. Wani lokaci faya ba ta fashewa gaba ɗaya, ɗiga take yi, a ɗauka fitsari ne ko zaƙi. Ruwa tsararo da ke jiƙa zane ba ya tsayawa, a je a duba.

Za a yi allura ga wadda gwajin audugarta ya nuna GBS, da wadda ta fito mata a fitsari a wannan cikin, da wadda jaririnta na baya ya kamu. Wadda ba a gwada ba, kuma su ne mafi yawa a wurarenmu, ana yi mata idan ɗaya cikin ukun nan ya faru: naƙuda ta zo kafin mako 37, ko faya ta yi awa 18 da fashewa ba ta haihu ba, ko zafin jikinta ya kai digiri 38.

Maganin farko shi ne penisilin G, wanda ma'aikata ke kira kiristalin. Ana fara da yunit miliyan 5 ta jijiya, wato giram 3. Idan kwalbar mai miliyan ɗaya ce, kwalba biyar ke nan. Bayan haka yunit miliyan 2.5 zuwa 3 duk awa huɗu har a haihu. Idan babu, ampisilin giram 2 ta jijiya, sannan giram 1 duk awa huɗu. A kula ƙwarai: benzatin penisilin da furoken penisilin, masu kauri kamar madara, na tsoka ne kawai, sa su a jijiya na iya kashe mutum. Allurar tsoka da ƙwayar sha ba sa maye gurbin ta jijiya a nan, domin ba sa kai maganin cikin jinin jariri da ruwan faya da saurin da ake so. A rubuta lokacin kowace allura a takardar naƙuda. Allura ta biyu ce aka fi mantawa idan an canja ma'aikata.

Idan mace ta ce penisilin ba ya karɓar ta, a tambaye ta abin da ya faru. Tashin zuciya ko gudawa ba rashin karɓa ba ne. Idan ƙananan ƙuraje ne marasa tsanani, ana ba da sefazolin giram 2, sannan giram 1 duk awa takwas. Idan borin jini ne ya taso nan take, ko fuska da leɓe suka kumbura, ko numfashi ya sarƙe, ko ta suma, to ba penisilin ba sefazolin. Sai kilindamaisin miligiram 900 duk awa takwas, amma da sharaɗin lab ta tabbatar yana kashe ƙwayar tata, don GBS da yawa sun daina jin sa. In ba a tabbatar ba, bankomaisin, miligiram 20 ga kowane kilo duk awa takwas, kada ya wuce giram 2 a lokaci guda, a sa a ruwa ya shiga a hankali cikin awa ɗaya ko fiye. Eritromaisin an daina amfani da shi don wannan. Ko wanne za a bayar, adirenalin, allurar ceto idan jiki ya ƙi maganin, ya kasance a kusa.

Awa huɗu ake nema, amma ko awa biyu yana rage yawan ƙwayar, don haka ko mace ta zo a makare a sa mata. Kuma ba a jinkirta haihuwa ko tiyatar gaggawa don jiran awowin su cika.

Zazzaɓi a naƙuda magana ce daban. Kada a tsaya a kan cewa maleriya ce. A gwada maleriyar, amma a sani ƙwayoyi na iya riga sun kama mahaifa, musamman in ruwan na wari, mara na ciwo, ko bugun zuciyar jariri ya ƙaru. A nan penisilin kaɗai bai isa ba. Ana haɗa ampisilin giram 2 duk awa shida da jentamaisin miligiram 5 ga kowane kilo sau ɗaya a rana, a kuma gaggauta haihuwa.

Idan ciki ya kai mako 37, faya ta fashe, an san akwai GBS, ba a komawa gida jiran ciwo: a fara allura, a tayar da naƙuda. Idan kuma ta fashe ciki bai isa ba, kwanciya ce a asibiti. Ana ba da eritromaisin miligiram 250 sau huɗu a rana har kwana goma ko zuwa fara naƙuda don jinkirta haihuwar, a guji Augmentin saboda yana ƙara haɗarin ruɓewar hanjin bakwaini, sannan a sa allurar GBS idan naƙuda ta kankama. Bayan fashewar faya kowane sa hannu yana tura ƙwayoyi sama, don haka a taƙaita shi, duk awa huɗu ya isa in babu dalili, da safar hannu mai tsabta. Wadda aka shirya wa tiyata aka yi kafin naƙuda faya ba ta fashe ba, ba ta buƙatar allurar GBS. Amma a gwada ta duk da haka, don naƙuda na iya riga ranar da aka sa.

Mataki na biyar: jariri

Mafi yawan jariran da ke kamuwa a makon farko suna nuna alama cikin awa 24. Idan uwa ta samu allura awa huɗu kafin haihuwa, jariri ya cika wata tara kuma yana lafiya, kulawar da aka saba ta isa. Idan ba ta samu ba ko ta samu a makare, kada a yi saurin sallama. Tsarin Ingila shi ne a duba shi da haihuwa, bayan awa ɗaya, bayan awa biyu, sannan duk awa biyu har awa 12. A Amurka sukan riƙe shi awa 36 zuwa 48. Inda faya ta wuce awa 18, ko uwa ta yi zazzaɓi sama da 38, ko ruwan na wari, jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a ba jaririn ampisilin da jentamaisin aƙalla kwana biyu sannan a sake dubawa.

Ki koyi ƙirga numfashinsa. Ki buɗe ƙirjinsa yana kwance shiru, ki sa agogon waya, ki ƙirga tashin cikinsa minti ɗaya cur, domin jarirai kan yi sauri su ɗan tsaya. Idan ya kai 60, ki sake. In ya sake kaiwa, asibiti. Haka nan idan yana wani ɗan nishi a ƙarshen kowane numfashi, ko ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa sosai, ko ya daina tsotso, ko ba ya motsi sai an taɓa shi, ko yana jijjiga, ko leɓensa ya yi shuɗi. Zafin jiki 38 haɗari ne, amma sanyin jiki ƙasa da 35.5 ma haka. Jariri mai ciwon jini sau da yawa sanyi yake yi, ba zafi ba. Ko tsakar dare ne kada a jira safiya, kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo. Addu'a a yi ta a hanya. A manna shi a ƙirjin uwa a lulluɓe, a ci gaba da ba shi nono in yana iya sha.

A asibiti za a ɗebi jini don shukawa kafin a fara magani in akwai hali, wani lokaci da ruwan baya don duba sanƙarau. A makon farko ampisilin miligiram 50 ga kilo duk awa 12 ne, da jentamaisin miligiram 5 ga kilo sau ɗaya a rana, ko 3 ga mai ƙarancin nauyi. Idan sanƙarau ne likita zai ƙara adadin. Ciwon jini yana ɗaukar kwana goma, sanƙarau aƙalla kwana 14. Jariri yakan warware a ido bayan kwana uku, iyaye su matsa a sallame su saboda suna ya gabato. Katse allura a nan yana dawo da ciwon. A raɗa sunan, a ƙarasa magani.

Akwai kuma nau'in da ke zuwa a makare, daga kwana na 7 zuwa na 89, kuma allurar naƙuda ba ta hana shi. Shi ya fi zuwa da sanƙarau: zazzaɓi, kuka mai ƙara da ba ya rarrasuwa, maɗiga ta kumbura ta yi tauri, yawan barci, ƙin nono. Duk jaririn da bai kai wata uku ba ya yi zazzaɓi, asibiti za a kai shi, ba kemis ba. Masu zuwa barka su wanke hannu kafin su ɗauke shi. Wanda ya warke daga sanƙarau a gwada jinsa, a kuma riƙa bin girmansa, domin ciwon kan bar kurumta ko jinkirin zama da tafiya. Shayarwa ba ta da matsala ga uwa mai GBS, a ci gaba.

Maijego ma ta lura da kanta: zazzaɓi, ciwon mara mai ƙaruwa, ko jinin biƙi mai wari alamun ciwon mahaifa ne, ruwan zafi ba ya maganinsu.

Allurar rigakafin GBS da za a yi wa masu ciki tana matakin gwaji, an gwada wata a Afirka ta Kudu. A ciki na gaba kuwa, wadda aka samu da GBS tana da kusan rabin yiwuwar sake ɗauke da ita, don haka a sake gwajin auduga a mako na 36. In babu inda za a yi, ki nuna wa likita tsohon katin tun ranar awon farko, ku tsayar da maganar allurar naƙuda tun a lokacin.